Cigiyar Iliyasu da Baƙaƙe Masu Jingina

Dandamisa, 8 ga Maris, 1954

Daga hannun kawunka Inuwa zuwa ga ɗana Ashafa, mai jera baƙaƙe a gidan buga takardu a Zariya. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Mu nan alhamdu lillahi, sai zafi da ya fara.

Kada ka tsaya kana juya takarda kana cewa wane Inuwa kuma. Kakarka Indo da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito. Ni ne na saɓa ka a wuya ranar da aka kawo ka Dandamisa kana ɗan mitsitsi, ka jiƙa mini riga. Rubutun nan hannuna ne, bara na shiga ajin yaƙi da jahilci, in ka ga wani harafi ya faɗi ka tashe shi.

Bayan haka, ƙanwata Hajo ba lafiya. Ƙafafu sun kumbura, ko ƙofar ɗaki ba ta kaiwa. Ka san ɗanta na fari, Iliyasu, wanda aka ɗauka a ɗiban gwamna lokacin yaƙi aka kai aikin tilas na haƙar kuza. Ya gudu daga can, yau shekara goma sha ɗaya ko ɗuriyarsa ba mu ji ba. To, makon jiya wani falke ya rantse mini ya ga mai kama da shi a fadamar Kudan, yana kora dokin injin mazarƙwaila. Na aika, aka ce injuna sun fi talatin a wurin, kuma ba wanda ya san wani Iliyasu.

Hajo ba ta ce a neme shi ba. Ka san uwa da ɗan fari, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba. Amma duk wanda ya yi sallama sai ta ɗaga kai, in ta ji ba shi ba ne ta mayar. Ina tsoron kada ta tafi a haka. Hankalinta ma ban yarda da shi ba. Kullum sai ta sa 'yarta Rahmatu ta dama fura a ƙwarya ta ajiye wa kaji bayan rumbu. Da ma ta daɗe tana wannan ɓarna, ina hangowa ta kan danga, amma yanzu da ba ta iya tashi har aike take yi. Fura wa kaji, Ashafa!

Ga abin da nake so. Na ga kalandar da ka aiko wa mai gari. Sunan wata a jikinta an yi shi da wasu baƙaƙe masu ƙiba, sun jingina gaba kamar masu hawa tudu da kaya, tun daga bakin zaure ake hango su. Da irinsu za ka buga mini cigiya, daga sama har ƙasa, ka ce:

ANA NEMAN ILIYASU NA DANDAMISA. DOGO NE, BAƘI, DA TABO A GIRAR HAGU. YA GUDU DAGA KUZA. DUK WANDA YA GAN SHI YA KAWO SHI.

Ka hanzarta. Rake ya kusa ƙarewa, in injuna suka tsaya ma'aikata za su watse. Ka gai da mai ɗakinka. Wassalam.

Kawunka Inuwa

*

Zariya, 12 ga Maris, 1954

Zuwa ga Kawu Inuwa, gaisuwa ta girmamawa. Ina fata kuna lafiya, ku da mutanen gida duka. Takardarku ta iso, na karanta ta sau uku, ba harafin da ya faɗi. Allah ya ba Gwaggo Hajo lafiya, ya sa kaffara ne. Maganar riga kuma, a yafe mini.

Kawu, baƙaƙen da kuka gani na san su kamar tafin hannuna. A nan tsutsa mai gwaɓi muke ce musu. Na dalma ne, ɗaya ɗaya nake tsinto su ina jerawa a juye, kuma akwatinsu daban yake can ƙasa, ba kullum ake jawo shi ba. Kowane harafi yana da 'yan ƙafafu a gindi da ɗan baki a sama. Inda ya yi kauri ya yi kauri sosai, inda ya sirance sai ka ce malami ne ya juya alƙalamin kara. Ba na ɓoye muku, duk gidan nan babu waɗanda nake so kamarsu.

Sai dai suna da hali. Babu baƙin da ya kai su ɗaga murya. Layi ɗaya ake ba su, ko kan magana, ko sunan wata a kalanda, ko gargaɗin da ke jikin kwalbar magani. A wurin nan ido yake fara sauka kafin ya duba sauran. In aka cika takarda da su, ido ba ya samun wurin hutawa, sai mutum ya ji kamar ana yi masa tsawa tun kafin ya karanta.

Sa'an nan, ku gafarce ni, kalmomin ma sun tsorata ni. "Ya gudu" da "ya kawo shi", ai haka ake rubutawa in ana neman mai laifi. Da za ku yarda, sai in sa sunansa kaɗai da masu gwaɓi, sauran in yi su da ƙanana tsayayyu, in ce mahaifiyarsa ba lafiya, gida na nemansa.

Ba zan taɓa komai ba sai na ji daga gare ku. Na ba wa direban motar Ikara wannan takarda, ya ce zai ajiye muku a Makarfi.

Ɗanku Ashafa

*

Dandamisa, 19 ga Maris, 1954

Ashafa, gaisuwa. Muna lafiya, Hajo tana nan yadda take, ko ma in ce ta ƙara ja baya.

Kwana goma sha ɗaya ke nan ban ga cigiya ba. Na san ku 'yan boko, komai sai kun zauna kun yi masa dogon bayani. Ni ba shawara na nema ba. Yadda na faɗa haka za ka yi, kada ka rage ko ɗigo, kuma da masu ƙibar nan, duka. In ka girmi aiken kawunka ka gaya mini in san inda na tsaya. Wassalam.

Inuwa

*

Zariya, 23 ga Maris, 1954

Kawu, gaisuwa da ban girma. Amsarku ta zo, na kuma ji. Ban girmi aikenku ba, kuma ba zan girma ba.

Ga su nan guda sittin, yadda kuka ce. Ban rage komai ba. Akwatin ba shi da yawa, tun ban kai rabi ba harafin A ya ƙare, dole na buga layukan sama, na warware, na sake jera na ƙasa. Da na ɗaga ta farko daga inji gabana ya faɗi, amma tunda kun ƙi shawarata, kun fi ni sanin mutanen can. Wannan karon ta jirgi na aiko, a hannun wani ɗan Makarfi. Allah ya sa a dace.

Ɗanku Ashafa

*

Dandamisa, 5 ga Afrilu, 1954

Ɗana Ashafa, gaisuwa. Lafiya dai ta jiki muna da ita, amma kaina ya kulle.

Na farko, wace shawara na ƙi? Na karanta takardarka da ta zo da cigiya, na juya ta gaba da baya, ban gane ba. Sai jiya aka miƙo mini wata takarda taka mai kwanan wata sha biyu ga Maris, duk ta sha baƙin mai. Ashe motar ta lalace a hanya, direban ya cusa ta ƙarƙashin kujera ya manta. Ni ina can ina yi maka faɗan shiru, kai kana nan kana cewa na amsa. Innalillahi.

Na biyu, bari ka ji abin da takardunka suka yi. Ranar Laraba na kai kasuwar Makarfi da kaina, na liƙa a jikin rumfar mahauta da gindin tsamiya. Na aika ashirin Kudan, goma Ikara. Na zaci mutane za su taru su karanta. Sun taru, amma daga nesa, kamar an ajiye maciji. Wanda bai iya boko ba ya ce takardar hukumar En'e ce. Wani ɗan doka ya zo wucewa ya tsaya ya sara mata. Na ce, jama'a, ni na sa aka buga, ni Inuwa! Wani ya ce, "To Malam, me yaron ya sata?"

Kafin Juma'a an kawo mini Iliyasu uku. Ɗaya gajere ne, ɗaya ya girme ni, na ukun an ɗaure shi da igiyar jaki tun daga Ikara, yana kuka yana cewa shi ko hanyar kuza bai sani ba. Na kwance shi, na ba shi haƙuri da tuwo.

Namu kuwa, Ashafa, ashe yana nan. Wani mai inji a Kudan, Tukur, ya zo har gida ranar Asabar. Ya ce shekara huɗu ke nan duk rani yana da wani ma'aikaci dogo mai tabo a gira, Tanko yake kiran kansa, ba ya hayaniya, ba ya shiga kasuwa sai dole. Ranar da aka liƙa takarda a bakin fadama, Tanko ya hango ta yana riƙe da linzami. Bai iya karatu ba, amma ya tsaya cak. Ya taɓa gaya wa Tukur cewa a can kuza, in mutum ya gudu, da irin waɗannan baƙaƙe masu jingina ake liƙa sunansa a ƙofar bariki. Wani ya karanta da ƙarfi. Kafin a waiwayo, doki na zagaya inji shi kaɗai. Tabarmarsa da butarsa ma bai ɗauka ba.

Ni fa ban gane ba. Maganar da na sa ka buga, ita ce zan faɗa da bakina in an tambaye ni. Yaya jinginar harafi za ta kori mutum daga kusa da garin da uwarsa take kwance? Tafiyar yini ɗaya ce tsakaninmu da shi, shekara huɗu, ni kuma na kore shi da hannuna. Labari ya kai wa Hajo. Kwana biyu ke nan ko kunu ba ta karɓa. Ta kaji dai ba a fasa ba.

Ka gaya mini abin yi. Wannan karon zan jira takardarka ta iso kafin in yi faɗa.

Kawunka Inuwa

*

Zariya, 9 ga Afrilu, 1954

Kawu, gaisuwa ta girmamawa, da jaje. Tun da na karanta takardarku abinci bai yi mini daɗi ba. Laifin ba naku kaɗai ba ne. Ni na san halin baƙaƙen nan, da na sake tambaya sau ɗaya da ba a kai haka ba.

Na yi tambaya a nan. Ɗiban gwamna ya ƙare tun kafin yaƙi ya ƙare, ba wanda ke neman waɗanda suka gudu. Amma Iliyasu bai sani ba, shekara goma sha ɗaya yana ɓuya daga abin da babu shi. In ya bar Kudan, jirgi zai nema, ko Kano ko kudu. Mai ƙafa da aljihu wayam ba ya yin nisa da wuri, zai tsaya dako a tashoshi.

Ga shawarata, ku karanta ta a zaune. Zan sake buga wata takarda, ƙarama, kuma zan sake sa baƙaƙen nan masu jingina. Na san za ku ce na haukace. Amma ku duba: mutumin da bai iya karatu ba, takarda dubu zai wuce bai kalla ba. Waɗannan ne kaɗai idonsa yake nema, saboda tsoronsu yake ji. In ya gan su dole ya tsaya, dole ya nemi wanda zai karanta masa, don ya san ko sunansa ne. To, layi ɗaya zan ba su, kuma ba sunansa ba, ba kamanninsa ba. Abin da zai ji a layin nan ya zama maganar da ba mai iya faɗarta sai gida.

Ni ban san maganar ba, ku ma ina jin ba ku sani ba. A tambayi Gwaggo Hajo. Duk abin da ta ce, ku rubuto mini shi yadda ya fito daga bakinta.

Ɗanku Ashafa

*

Dandamisa, 16 ga Afrilu, 1954

Ashafa, gaisuwa. Takardarka ta iso cikin kwana uku, na karanta a zaune yadda ka ce, na tashi tsaye duk da haka. Baƙaƙen da suka kore shi su ne za su dawo da shi? Ban gane ba, amma tunda nawa ganewar ta kawo mana Iliyasu uku, na bar maka.

Na shiga wurin Hajo na ce, ga ɗan Zariya yana son magana daga bakinki zuwa ga yaron. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ce, "Yaya, a gaban jama'a? A liƙa a bango?" Na ce, ke, yanzu lokacin kunya ne? Ta juya mini baya. Ka san kakarsa ce ta goye shi, ita ko kallonsa ba ta yi in da mutane. Kwana uku ina shiga ina fita a banza.

Jiya bayan azahar Rahmatu ta zo ta ce, Inna ta ce a rubuta wannan: "Ƙwaryar tana nan bayan rumbu." Na ce, sai me? Ta ce shi ke nan.

Ashafa, ƙwaryar kaji ke nan fa! Na gaya maka hankalinta ya fara tafiya. Mu muna neman mutum, ita tana zancen kaji. Na rubuto maka don ka ce in rubuto, amma kada ka ɓata tawada a kai. Ka sa "Ka zo gida, uwarka ba lafiya," ka sa sunana a ƙasa. Ko kuwa? Ni dai na rasa gane gabas.

Kawunka Inuwa

*

Zariya, 20 ga Afrilu, 1954

Kawu, gaisuwa da ban girma. Ku yi mini afuwa, wannan karon na saɓa muku. Maganar Gwaggo na buga, yadda ta faɗe ta, layi ɗaya a tsakiyar takarda da fili fari kewaye da shi. Ba na jin kaji ake nufi.

Akwatin ba shi da babban Ƙ mai lanƙwasa, sai da na ɗauki K na manna masa ɗan guntun dalma na goge da magagari. A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe tsayayyu, na sa: "Daga Dandamisa. Ɗiban gwamna ya ƙare tuni, ba mai neman kowa. Ana jira." Ban sa suna ko ɗaya ba.

Na nemi izinin kwana ɗaya, na bi jirgi da kwanon koko a madadin gam na liƙa a tashoshi da hannuna. Ga goma nan na aiko muku. Don Allah a bi a ɓamɓare na farkon duk inda suke.

Ɗanku Ashafa

*

Dandamisa, 2 ga Mayu, 1954

Ɗana Ashafa, gaisuwa mai yawa da sa albarka. Muna lafiya. An yi ruwan fari, azumi kuma yana bakin ƙofa. Ka zauna kai ma kafin ka karanta.

Ya zo.

Ranar Alhamis da hantsi ina gyaran garma a ƙofar gida, sai ga wani dogo ya taho ta bayan gari, ƙafa duk faso, furfura a gemu. Bai yi sallama a zaure ba. Ya bi ta jikin danga, ya tsallaka inda ta karye, ya nufi bayan rumbun Hajo. Na ɗauki sanda na bi shi, na ce ɓarawon kaji da rana tsaka. Na same shi a tsugune, ƙwarya a hannu biyu, yana sha yana kuka. Da ya ɗago na ga tabon.

Daga baya ya ba ni labari. A tashar Likoro yake dako, yana jiran ya samu na jirgin Kano. Ya ga baƙaƙenka a jikin bango. Ya wuni yana zagaya su. Da la'asar ya samu wani matafiyi mai littafi a hannu, ya nuna masa da yatsa ya ce, "Malam, wannan baƙin layin kaɗai, sunan wa ke ciki?" Mutumin ya ce ba suna, zancen wata ƙwarya ce a bayan rumbu. Iliyasu ya ce ya sa aka maimaita masa sau uku, sa'an nan ya ce a karanta ƙananan.

Ashe, Ashafa, tun yana yaro haka suke yi. Ita ba ta iya kiransa ta ba shi abu a gaban mutane, sai ta dama fura ta ajiye bayan rumbu ta wuce. Shi kuma ya zo ya sha ya kife ƙwaryar, ba wanda ya taɓa ce wa wani komai. Ranar da aka tafi da shi ma ta ajiye. Ba ta fasa ba ko kwana ɗaya, shekara goma sha ɗaya. Ni kuma ina hangowa ta kan danga ina yi mata faɗan ɓarna. Kunya ta ishe ni, wallahi, har yau ban iya haɗa ido da ita ba.

Na ja shi har ƙofar ɗakinta. Ya durƙusa a waje. Rahmatu ta shiga da gudu tana cewa, "Inna, ga shi, ga shi ya zo!" Na ce a raina yau dai za ta kama sunansa, ko sau ɗaya. Ta juya fuska wajen bango. Can sai muka ji ta ce, "Ya sha?" Rahmatu ta ce ya sha, har ya suɗe. Ta ce, "To a gaya wa wanda ya sha ya wanke ƙwaryar. Gobe ma ana bukatarta."

Ran nan ta karɓi kunu, ta shanye.

Takardarka tana cikin hularsa, ya ninke ta huɗu, bai yarda kowa ya taɓa ba. Ya ce in tambaye ka ko mutum mai shekarunsa zai iya koyon karanta layi ɗaya. Na ce ajinmu ranar Litinin ne, ya biyo ni. Har yanzu ban gane yadda baƙaƙen nan suke aiki ba, kuma na daina ƙoƙari. Allah ya yi maka albarka, ya tsare maka idanunka da yatsunka. In ka samu hutun salla ka zo, Hajo ta ce a dama da kai.

Kawunka Inuwa